Yadda Ake Jin Daɗin Littattafan da Suka Haɗa Tarihin Yaƙi da Labarin Fatalwa da Aljanu

Mai karatu a Kano ba baƙo ba ne ga labarin da takobi da aljani suke haɗuwa a shafi ɗaya. Littattafan yaƙi da ake shimfiɗawa a Bata da Kasuwar Sabon Gari, da waɗanda ake sauraro a YouTube, cike suke da sadaukai da bokaye da biranen da aka kewaye da tsafi. Sai dai waɗancan biranen babu su a taswira, kuma babu wanda zai tambayi marubucin a wace shekara aka gwabza. Nau'in da ake magana a kansa a nan daban yake, domin marubucin yana ɗaukar yaƙin da ya faru da gaske, da ranarsa da filinsa da lambar bataliyarsa, sannan ya shigar da wani abu da harsashi ba ya yi masa komai. Mafi yawan irin waɗannan littattafai da Turanci suke zuwa hannunmu. Daɗinsu yana daidai gaɓar da tarihi ya tsaya ƙage ya ɗauka, kuma wanda bai san tarihin ba zai wuce ta kan gaɓar bai lura ba, ya gama littafin ya ce ai labarin dodo ne kawai.

Matakin farko shi ne ka zaɓi yaƙi ɗaya ka zauna a kansa. Marubuta sun fi yawan komawa ramukan yaƙi na Faransa da Beljiyam tsakanin 1914 da 1918, da fagen Rasha a Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka yi wa birnin Leningrad ƙawanya ta kwana 872, da kuma dazukan Biyetnam. Idan ka karanta littafi biyu ko uku a kan yaƙi guda, wahalar share fage sau ɗaya za ka sha, kuma za ka iya gwada wannan marubuci da wancan. A ganina ɗan Kano ya fi cin riba idan ya fara da Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu suke kira yaƙin Hitila, saboda ya taɓo mu kai tsaye. Tun daga 1940 jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu suna sauka a filin jirgin Kano kafin su wuce Maiduguri da Khartum zuwa Alƙahira. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, ita ce take kawo wa mutane labarin fagen daga da Hausa. Rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, sun yi yaƙi da Japan a ƙasar Bama, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, kuma Hausa ce harshen bariki a tsakanin sojojin Nijeriya da ke cikinsu. Sunayen wasu barikokin ƙasar nan, irin su Dalet a Kaduna da Chindit a Zariya da Arakan a Legas, daga can aka samo su. Mai karatun da ya san wannan zai shiga dajin Bama na cikin littafi da wata irin kusanci da ɗan Landan ba shi da ita.

Mataki na biyu shi ne share fage, kuma shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa. Ba a bukatar ka zama malamin tarihi. Zama ɗaya bayan la'asar ya isa, ko a ɗakin karatu na Murtala Muhammed, ko da wayarka a ƙofar gida. Ka nemi amsar tambayoyi kaɗan: wa yake yaƙi da wa, a wace shekara labarin ya faɗo, wane yanayi ake ciki na damina ko sanyi, yaya ƙasar wurin take, kuma me ya fi kashe sojoji a can. Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi amfani, domin sau da yawa amsar ba harsashi ba ce. A Bama zazzaɓin cizon sauro da atuni sun kwantar da mutane fiye da yadda bindiga ta yi, a Rasha kuwa sanyi da yunwa ma sun kashe mutane da yawa.

Bari a dubi ramukan Faransa da kyau, tunda su ne gidan wannan nau'i. Runduna biyu sun haƙa ramuka masu tsawo suna fuskantar juna daga gaɓar teku a Beljiyam har iyakar Siwizalan, tsakaninsu akwai fili mai cike da waya mai ƙaya da taɓo da gawarwakin da babu halin ɗaukowa. A ranar 22 ga Afrilun 1915, kusa da garin Ypres, Jamusawa suka saki iskar guba, sojojin da ke ɗaya ɓangaren suka ga wani hayaƙi mai launin kore-kore yana tahowa a ƙasa ba su san mene ne ba. A ranar 1 ga Yulin 1916, ranar farko ta gwabzawar Somme, Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, 19,240 daga cikinsu sun mutu. A ƙarƙashin ƙasa kuma akwai masu haƙa, yawancinsu tsofaffin ma'aikatan ma'adinai, waɗanda suke rarrafe cikin duhu suna kasa kunne ko za su ji ƙarar magirbin abokan gaba ta bayan bangon yumɓu. A ranar 7 ga Yunin 1917 aka tayar da manyan nakiyoyi 19 da aka binne ta wannan hanya a ƙarƙashin tudun Messines. Duk wannan tarihi ne, babu ƙari. To idan marubuci ya sa mai haƙa ya ji ana ƙwanƙwasa daga ƙasansa, a zurfin da babu ɗan Adam da ya taɓa kaiwa, wanda ya san yadda aikin yake shi ne tsigar jikinsa za ta tashi, saboda ya san mutumin ya saba da jin ƙwanƙwasa, alƙiblarta ce kawai ta saɓa. Ka buɗe taswira ma ka nemo garin ko kogin da aka ambata, ka ga nisansa da inda taimako zai fito.

Mataki na uku gajere ne, wato ka san muƙamai da tsarin runduna. Daga ƙasa akwai kurtu da farabiti, sai kofur, sai saja, sai samanja, sannan hafsoshi daga laftanar zuwa kyaftin da manjo da kanar da birgediya da janar. Kamfani yana da mutum ɗari da wani abu a ƙarƙashin kyaftin ko manjo, bataliya tana da ɗaruruwa, bataliya uku kuma su ne birged. Amfanin sanin wannan shi ne ka gane dalilin da ya sa mutanen labarin ba sa guduwa. A labarin gidan da aljanu suka tare, mai karatu yakan ce su kwashe kayansu su tashi mana. Soja ba shi da wannan zaɓi, domin gudu laifi ne da ake harbe mutum a kansa, kuma a Yaƙin Duniya na Ɗaya an harbe sojojin Birtaniya da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta 306 bisa laifuffuka irin su gudu da ragwanta, sai a 2006 aka yi musu afuwa. Kofur ɗin da ya ga abu da daddare dole ya gaya wa saja, saja ya auna ko zai kai maganar gaban laftanar a yi masa dariya, laftanar kuma ya rasa kalmar da zai rubuta a rahoto. Marubucin kirki yana tatsar tsoro mai yawa daga wannan tsani.

Sai mataki na huɗu, wato zaɓen littafin kansa. A wurin masu sayar da tsofaffin littattafan Turanci akan dace, amma hanya mafi tabbas a yau ita ce saye ta intanet a karanta a waya, ko a saurari wanda aka naɗa da murya. Kafin ka biya, ka karanta babin farko idan an ba da dama, ka duba abu biyu. Na ɗaya, shin sojojin suna da yunwa da ƙwarƙwata da bashi da iyaye a gida, ko kuwa gumaka ne masu riƙe da bindiga. Na biyu, shin abin tsoron ya fito fili tun shafi na uku. Idan ya fito da wuri haka, da wuya marubucin ya iya riƙe ka har ƙarshe. Ka leƙa bayan littafin ka ga ko akwai bayanin marubuci a kan abin da ya ɗauko daga tarihi da abin da ya ƙirƙira. Samuwar bayanin alama ce mai kyau, amma kada ka karanta shi yanzu, domin yakan tona sirrin ƙarshen labari. Game da Turancin kuwa, kada ka tsaya wa kowace kalma. Sunayen bindigogi da zaurancen bariki za su yi ta maimaituwa har ka saba da su, ƙamus sai ga kalmar da ta hana ka gane abin da ya faru.

Da ka shiga karatu, mataki na biyar shi ne ka gane wane irin tsoro aka dafa maka, domin kowanne da yadda ake cinsa. Akwai labarin da yaƙi yake tono wani abu da ya daɗe a kwance, kamar igwa ta fasa tsohon kabari ko sojoji su fake a kangon da mutanen gari suke kauce wa. A nan ka sa ido a kan 'yan ƙasa, tsohuwar da ta ƙi yin magana ko ɗan jagoran da ya tsaya a bakin rafi ya ce shi iyakarsa ke nan. Akwai labarin da hukuma ce da kanta take neman mayar da sihiri makami, kuma galibi Jamus ta zamanin Hitila ake jingina wa wannan. Sannan akwai na uku, wanda ni na fi daraja shi, inda har ka rufe littafin ba za ka tabbatar ba ko fatalwa ce ta gaske ko kuwa ƙwaƙwalwar sojan ce ta gaji. Tun 1915 likitocin Birtaniya suka fara rubutu a kan sojojin da ke dawowa babu rauni a jiki amma suna karkarwa, wasu sun daina magana, wasu ba sa gani. A irin wannan littafi kada ka matsa wa kanka sai ka yanke hukunci. Ka riƙa lura da wanda ya ga abin, shi kaɗai ne ko da shaida, kuma kwana nawa ya yi bai runtsa ba.

Mataki na shida shi ne ka ajiye ƙaramin littafin rubutu kusa da kai. Ka raba shafi gida uku: abin da ka san tarihi ne, abin da ka san ƙage ne, da abin da kake shakka. Mai sayen riga a hannun tela yakan juya ta ciki ya duba ɗinki kafin ya yaba aiki, to haka za ka yi wa labarin. Ga misali na ƙirƙira don a ga yadda ake yi. A ce marubuci ya kai ka kwarin Kaladan a 1944, wani saja Bakano yana ƙirga mutanensa da asuba bayan sun ƙetare kogi, 'yan dako sun sauke kaya daga ka, ana jiran jirgi ya jefo abinci da laima. Ya ƙirga ya samu talatin da ɗaya, alhali talatin ya fito da su, ya sake ƙirgawa, kowace fuska ya san ta, kowa ya amsa sunansa. A gida na farko za ka rubuta Kaladan da shekarar, da 'yan dako, da jefo abinci daga sama, domin haka aka ciyar da runduna ta 81 a can. A gida na biyu za ka rubuta mutum na talatin da ɗaya. A gida na uku za ka sa sunan ƙauyen da aka ce sun kwana, da sunan kyaftin ɗinsu. Kada ka ajiye littafin ka shiga bincike a tsakiyar babi, domin tsoro abu ne da ake ginawa a hankali, kuma da ka ɗauki waya ka ga saƙonnin WhatsApp ginin ya rushe. Gida na uku yana jira sai an gama.

Mataki na bakwai shi ne zaɓen lokaci da wuri, domin su ma suna da tasiri. Irin wannan karatu ba ya yiwuwa a cikin adaidaita sahu ko a shago ana ciniki. Bayan sallar isha'i, musamman da hunturu lokacin da unguwa take yin shiru da wuri, awa ɗaya ba tare da katsewa ba ta fi awa uku a gutsuttsure. Ka tsaya a ƙarshen babi, kuma ka bar tazara tsakanin rufe littafi da kwanciya, ka yi addu'o'in barcinka kamar yadda ka saba. Musulmi ya yi imani da samuwar aljanu, akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani, amma wannan bai sa abin da marubuci ya ƙaga ya zama ilimi a kansu ba. Matattun da suke tasowa daga kabari su ci gaba da yaƙi, ko masu shan jini da ake cewa suna zaune a tsofaffin gidajen sarauta na gabashin Turai, al'adun wasu mutane ne da camfe-camfensu, ana karanta su a matsayin haka. Akwai kuma waɗanda bai kamata su kusanci nau'in ba ko kaɗan. Wanda ya taɓa tsira daga harin 'yan bindiga ko tashin bam, da sojan da ya dawo daga fagen daga yana fama da mugun mafarki, da ƙananan yara, duk a nemo musu wani abin karantawa. Idan kai ma ka ga barcinka ya lalace kwana biyu a jere, ka ajiye littafin, ba jarrabawa ba ce.

Bayan shafin ƙarshe sai mataki na takwas, wato komawa gida na uku da bayanin marubuci, kuma a nan ne ake samun abin mamaki, domin tarihin yaƙi kansa cike yake da labaran da suka tsaya a kan iyaka. A ƙarshen Satumban 1914 wani marubuci ya buga gajeren labari a wata jaridar Landan, inda ya ƙaga cewa maharban zamanin da sun bayyana sun kare sojojin Birtaniya a gwabzawar Mons da aka yi a watan Agustan shekarar. Cikin 'yan watanni labarin ya rikiɗe ya zama na mala'iku, ana wa'azi da shi a majami'u, marubucin yana ta cewa shi ya ƙirƙira amma ba a saurare shi ba. A tsibirin Ramree na ƙasar Bama, an daɗe ana yaɗa cewa a watan Fabrairun 1945 kadoji sun cinye ɗaruruwan sojojin Japan a fadama cikin dare, masana tarihi kuwa sun yi watsi da wannan adadi. A Biyetnam kuma akasin haka ne, abin da yake kama da ƙage shi ne gaskiya: sojojin Amurka sun naɗi kuka da muryoyi masu kama da na matattu suna sakinsu da lasifika cikin dare, saboda sun san mutanen ƙasar sun yi imani cewa wanda ba a binne shi a garinsu ba kurwarsa za ta yi ta yawo.

A nan ne kuma za ka auna marubucin, kuma ina ganin ya kamata a tsananta masa. Gaskiya ne cewa Heinrich Himmler, ɗaya daga cikin manyan na hannun daman Hitila, ya kafa cibiyar Ahnenerbe a 1935 don neman hujjar fifikon jinsin Jamusawa a cikin tarihi da kufai, kuma gaskiya ne an aika ayarin bincike Tibet a 1938. Amma abin da cibiyar ta aikata da hannun mutane ya fi duk wani tsafi muni, domin a 1943 an kashe Yahudawa 86 a sansanin Natzweiler don kawai a tara ƙasusuwansu a yi nazari, kuma an rataye manajan cibiyar, Wolfram Sievers, a 1948. Haka ma sashe na 731 na sojojin Japan, kusa da birnin Harbin a Manchuriya, inda aka yi gwajin cututtuka a jikin fursunoni masu rai. Littafin da ya ce aljani ne ya shiga kan shugabanni ya sa su kisan kiyashi ya wanke masu laifi ne, ko da marubucin bai nufa ba. Wanda ya iya aikinsa yakan bar laifin a wuyan mutane, abin ɓoyen kuma ya zo daga baya, kamar warin jini ne ya jawo shi. Ka tambayi kanka kuma yadda aka nuna 'yan mulkin mallaka da ke cikin rundunar, Indiyawa da 'yan Afirka, ko suna da suna da tunani, ko kuwa an kawo su ne kawai don su fara mutuwa a babi na biyu.

Mataki na ƙarshe shi ne ka fitar da karatun daga ɗaki. Ka je Gidan Makama ka tsaya gaban kayan yaƙi, ka bi abin da ya rage na ganuwa ta wajen Ƙofar Kabuga, ɓangaren da sojojin Turawa suka shigo birni a ranar 3 ga Fabrairun 1903 lokacin da Sarki Alu yake Sakkwato. Za ka ga cewa kayan haɗin wannan nau'i suna nan a gida. Mayaƙanmu sun fita da sulke da lifidi da kwalkwali, sun kuma fita da kau-da-bara da sagau da layar zana. Tarihin Kano ya ruwaito labarin Dirki, abin da aka naɗe da fatu ana yi masa yanka, har Sarki Alwali ya sa aka fasa shi aka tarar da Alƙur'ani a ciki, kuma a zamaninsa sarautar Haɓe ta ƙare. A yankin Filinge na Nijar, wajen 1925, aka fara ganin iskokin da ake kira Babule, waɗanda suke hawa mutum ya riƙa fareti yana ba da oda kamar hafsan Faransa. Idan a zuriyarku akwai wanda ya je Bama, ko yaƙin basasar 1967 zuwa 1970, ka tambayi dattawan gida abin da ya riƙa faɗa, cikin ladabi, kuma idan suka yi shiru kada ka matsa.

Idan kun kai mutum huɗu ko biyar a majalisa masu sha'awar abin, ku sayi littafi ɗaya a wata guda, ku raba aiki: ɗaya ya zo da taswira, ɗaya da tarihin bataliyar da aka ambata, ɗaya da jerin wuraren da yake zargin marubucin ya yi ƙari. Wanda bai gama ba a gaya masa tun da wuri cewa za a tona ƙarshen labari, ya zaɓi zama ko tashi. Ku fara da tambayar shafin da kowa ya fara jin tsoro a kansa, domin da wuya mutum biyu su ambaci shafi ɗaya, daga nan sai a buɗe littattafan rubutu a gwada gida na uku na kowa.